Daga Tabalak zuwa Abalak a kan keke: yadda yini guda yake tafiya

Sana'ata gyaran keke a nan Tawa, kuma idan ayarin masu keke ya tashi zuwa Agadas ni ake bari a wutsiya, da jakar kayan aiki a bayan sirdi. Na wutsiya shi ke ganin duk abin da ya lalace a yini, na ƙarfe da na mutum. Zan ɗauki yini guda, wanda ake yi tsakanin Tabalak da Abalak, domin a nan ne sabon shiga yake fara gane abin da ya ɗauko wa kansa.

Daga Tawa zuwa Agadas kilomita 400 ne da ɗan ɗoriya, a kan hanyar uraniyom da aka shimfiɗa wajen 1980 don jigilar ma'adinin Arlit. Tabalak tana wajen kilomita 50 daga Tawa, Abalak kuma wajen 135. Ke nan zangon da nake magana kusan kilomita 85 ne. A baki ba wani abu ba ne, ƴan tseren keken Burkina Faso, wato Tour du Faso da ake yi tun 1987, suna cinye abin da ya fi haka a ƴan awoyi. Sai dai mu ba tsere muke ba, a cikinmu akwai ɗan makaranta, akwai mai furfura, kuma hanyar ta miƙe arewa maso gabas, daidai inda iskar hunturu take fitowa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne jiki yake iya ɗaukar tafiyar, domin a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 kusan kullum. To watannin sanyin nan kuma su ne na iska. Dole a zaɓi ɗaya, kuma duk mai hankali iska yake zaɓa, don iska gajiyar da mutum take yi, zafi kuwa kisa yake.

Iskar tana da lokacinta. Da asuba takan kwanta, wajen ƙarfe 9 zuwa 10 ta tashi, ta yi ta kaɗawa har la'asar. Wannan shi ne ke tsara yinin gaba ɗaya. Kafin ta tashi ayari yana yin kilomita 20 zuwa 22 a awa ba tare da kowa ya yi nishi ba. Bayan ta tashi, mutanen nan da kekunan nan sai su koma 12 ko 13. Awa ɗaya da aka ɓata da safe wajen neman takalmi ko jiran shayi na uku, kilomita 20 ce mai sauƙi aka mayar da ita awa ɗaya da rabi na wahala. Da sanyin safiya ake kama fara.

Don haka ana tashi kafin kiran asuba. A Janairu rana ba ta fitowa sai ƙarfe 7 ta ɗan gota, kuma sanyin dare a fili yana sa yatsu su ƙage, sai an sa riga biyu. Ana naɗe shimfiɗa, a loda wa motar kaya, a yi salla, a karya. Karin kumallo ba na marmari ba ne: kunun gero mai kauri ko fura, burodi, shayi mai sukari, da dabino guda 10 ko fiye da kowa zai zuba a aljihun riga. Wanda ya ce shi ba ya iya cin abinci da sassafe, ana lallashinsa ya ci ko rabi, don abin da ya ci yanzu shi zai taka da shi ƙarfe 10.

Kafin a hau, kowa ya duba kekensa, ni kuma in bi baya in sake dubawa. A matsa taya da babban yatsa bai isa ba, ana amfani da famfo mai agogo. Taya mai faɗin inci 2 tana son iska wajen bar 3 a ma'aunin agogon famfo idan a kan gudro ne, wato kwalta. A ɗaga ƙafar gaba a juya ta, a ga ko tana layi ko tana shafar birki, haka ta baya. A damƙi birki biyu a tura keken gaba da baya, idan an ji ƙwas-ƙwas a wuya to kan ya saki, sai an ɗaure. A bi wayoyin ƙafa biyu-biyu da hannu, wadda ta yi laushi a ja ta tun yanzu. Duk wannan minti 3 ne ga wanda ya saba.

Maganar ruwa ita ce ta fi kowace magana. Lissafinmu lita 10 ga kowane mutum a yini, har da girki da alwala. Ayari mai mutum 15 ke nan lita 150, bido 6 na lita 25, sai a ƙara 2 na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai mota ta lalace ko an iske famfon gari ba ya aiki. Kowane mahayi yana ɗauke da gora biyu a jikin keke, kuma ƙa'ida ita ce gora ɗaya ta lita ɗaya saura kwata ta ƙare a kowace awa. Matsalar hunturu ita ce iska busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin mutum ya ji shi, ga kuma sanyi-sanyi, sai ya ɗauka bai yi asarar komai ba. Farin gishirin da ke fitowa a kafaɗar riga da igiyar hular kwano shi ke tona asiri. Shi ya sa ba a jiran ƙishirwa, jagora yana busa usur kowane minti 15 ko 20 kowa ya kurɓa. Gora ɗaya ta ruwa zalla ce, ɗayar ta ruwan gishiri da sukari, irin wanda ake koya wa iyaye mata a asibiti: lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishirin don ana ganin ya fi ƙarfi, tashin zuciya yake kawowa. Mai shan ruwa zalla da yawa ba gishiri kuwa, shi ne za ka ga tsokar cinyarsa ta ɗaure da rana tsaka. Ma'aunin da ba ya ƙarya fitsari ne. Idan ya yi ja kamar shayi, ko mutum ya kai azahar bai zaga ba, jikinsa yana bin sa bashin ruwa.

Tabkin Tabalak yana da kyau da safe, ga masunta ga lambuna a gefe, kuma baƙi sukan so su faɗa ciki. Muna hanawa, saboda ruwan kwance a ƙasarmu ba a raba shi da tsargiya. Ruwan sha daga famfo ake ɗiba. Idan ta kama sai na rijiya, a tace da ƙyalle mai tsabta, a jefa ƙwayar tsabtace ruwa gwargwadon abin da aka rubuta a takardarta, a jira minti 30. Bidon da za a sha da rana ana ɗinke masa buhu a jiƙa, a ɗaure shi inda iska take bugu a bayan mota, kamar yadda direbobin kamyo suke yi.

Da gari ya waye sosai har ana iya ganin rami daga nesa, sai a hau. Ba ma tafiya da duhu ko kaɗan. Takardar izini da jerin sunaye suna hannun jagora, kwafi kuma yana mota, domin a kowane shingen jandarma za a tambaya. Ana tambayar hukuma halin hanya kafin a bar Tawa, kuma idan akwai ƴan ƙasar waje a ayari sai da rakiyar jami'an tsaro. Idan aka ce a dakata, dakatawa ake yi, babu gardama.

Tsarin tafiya a iska shi ne abin da sabon shiga ya fi raina wa, kuma shi ne ya fi cetonsa. Wanda ya laɓe a bayan wani, tayarsa ta gaba tana nesa da ta bayan ɗan'uwansa da kamu ɗaya zuwa biyu, yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe. Ana jerawa layi ɗaya, na gaba ya ja na minti 2 ko 3, ya kauce, ya sulale zuwa baya, na biye ya karɓa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mai karɓa ya ƙara wuta don ya nuna shi ma namiji ne. Nan take layi ya tsinke, raunana su faɗa cikin iska su kaɗai, kuma wanda ya tsinke da mita 50 a iskar hunturu da wuya ya sake kamowa da kansa. Mai ƙarfi ya daɗe a gaba, kada ya ƙara gudu. Marar ƙarfi ya ja na daƙiƙa 30 ya kauce, ko ma kada ya ja, ba abin kunya ba ne.

Wani lokaci iskar daga gabas take bugowa, wato ta hannun dama. A nan mafaka ba ta bayan mutum sak, tana bayansa ta hagu, sai layi ya karkace ya nufi tsakiyar hanya. Tunda a Nijar hannun dama ake bi, wannan karkacewar tana kai na ƙarshe bakin motocin da ke tahowa. Saboda haka ba a barin irin wannan jeri ya wuce mutum 4 ko 5, sai a raba ayari rukuni-rukuni. Doka guda da ba a sassautawa: kada tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan na gabanka. Ya ɗan kauce wa rami, ya shafe ka, kai ne a ƙasa, na bayanka kuma a kanka.

Na gaba shi ne idon kowa. Yana nuna rami da hannu yana cewa "Rami dama!" ko "Yashi!", magana ta bi layi har wutsiya. Daga wutsiya kuma nake ɗaga murya, "Mota baya!" Manyan motocin fasinja da kamyo idan sun wuce suna tura mutum waje da iskarsu, sannan su zuƙo shi ciki. A riƙe kan keke da hannu biyu, a ɗan sassauta gwiwar hannu, kada a taka birki da ƙarfi. Raƙumi da jaki ba su san usur ba. Idan garke yana tsallakawa a tsaya cak, a gaida makiyayi, a bar su su wuce. Karnukan makiyaya kuwa gudu ne yake zuga su, a sauka a sa keken tsakani, su da kansu za su koma.

Gudron hanyar nan ya ci duniya. Akwai inda yake lafiya lau, akwai inda ramuka suka cinye shi har motoci suka buɗe wata hanya a gefe, cikin jar ƙasa mai gargada da yashi. Idan ratsen yana da tsawo, a tsaya a rage iskar taya zuwa wajen bar 2, ta yi faɗi ta hau kan yashi maimakon ta nutse. A sauko da giya tun kafin a shiga, a mayar da nauyi baya, a bar kan keke ya ɗan yi wasa, kuma kada a daina taka feda. Wanda ya canja giya yana tsakiyar yashi yana dannawa da ƙarfi, shi ke tsinka sarƙa. Da an koma gudro a mayar da iska, in ba haka ba bakin rami na farko zai matse robar ciki da ƙarfen ƙafa, ta huje wuri biyu gefe da gefe.

Faci shi ne rabin aikina. Abokan gabar taya a nan uku ne: tsidau da ke kwance a gefen hanya, ƙayar aduwa, da ƙayar kandili. Ƙarangiya takan addabi safa da ƙafa, amma ba kasafai take huda taya mai kauri ba. Yawancin fashewar ba a kan gudro ake samunta ba, a wurin hutu ne, lokacin da mutum ya gangara da kekensa ƙarƙashin itace. Shi ya sa muke cewa a ɗauki keke a kafaɗa daga bakin hanya zuwa inuwa, kuma kafin a sake hawa a juya taya a cire duk abin da ya maƙale. A kan hanya ba a tsayawa liƙi, sabuwar robar ciki ake sawa, kowa yana da biyu a jakarsa. Amma kafin a sa, a bi cikin taya da yatsa a hankali har a samo ƙayar. Wanda ya tsallake wannan zai sake tsayawa kafin kilomita 2, da sabuwar roba a huje. Liƙi sai zango: a goge wurin da takarda mai kaushi, a shafa sholisho siriri, a jira minti 5 har ya daina sheƙi, sannan a manna faci a danne. Gaggawar mannawa a kan ɗanyen sholisho ita ce take sa faci ya ɗago idan gudro ya yi zafi.

Ga mai shirin sayen keke don irin wannan tafiya, ra'ayina ƙafa mai lamba 26, wato inci 26, da bakin iska irin na mota. Ba don sun fi kyau ba, sai don tayarsu da robarsu ana samu a kasuwannin hanya, kuma duk mai facin babur yana iya ba ka iska. Keken tsere mai siririyar taya yana burgewa a cikin gari, a nan kuwa rabin yini a bayan mota yake yi.

Wajen kilomita 25 daga Tabalak ana tsayawa minti 10, a cika gora, a ci dabino da ƙuli-ƙuli. A wannan yanki ne hanya take wuce Ibesetan, inda cibiyar kiwon dabbobi ta gwamnati take, daga nan kuma gonaki suna ja da baya, ƙasar makiyaya tana buɗewa. Babban hutu yana zuwa wajen kilomita 50 zuwa 55, motar kaya ta riga ta wuce gaba ta nemi inuwa. Wannan tsari na mota a gaba da na wutsiya a baya shi ne manyan ayarin duniya ma suke bi, irin Tour d'Afrique da aka fara a 2003 daga Alƙahira zuwa Cape Town, tafiyar wajen wata 4. Abincin rana marar nauyi ne: burodi da sardin da albasa, ko shinkafa da wake kaɗan, sai shayi. Kilishi da cuku suna da kyau don gishirinsu, amma a ci da ruwa. Tuwo da nama mai maiƙo a bar wa dare. Hutun kada ya wuce minti 40, don ƙafa takan yi sanyi ta ƙi tashi. Kuma kada kowa ya karya reshen tumfafiya don korar ƙuda, farin ruwanta idan ya shiga ido babbar matsala ce.

Idan hutu ya faɗo kusa da rijiya, akwai ladabi. Ba a zuwa da bido kai tsaye. Dattijon ayari ne yake zuwa ya yi sallama, ya tambayi lafiyar dabbobi, sannan ya ce, "Baba, matafiya ne, ko za a taimaka mana da guga biyu?" A jira layin dabbobi, kada a ɗauki hoton kowa sai da izini, kuma ɗan sukari da ganyen shayi sun fi kuɗi daraja a wurin.

Kilomita 30 na ƙarshe su ne ainihin yinin. Iska ta tashi, ƙura ta rufe sararin sama, leɓe ya tsage. Ana rufe hanci da baki da rawani ko ƙyalle, a sa tabarau, a shafa man kaɗanya a leɓe da cikin hanci tun da safe, don haɓo ba ya wuya a wannan busasshiyar iska. A nan ake gane wanda bai ci ba da wanda bai sha ba. Na yunwa yakan yi shiru, ƙafarsa ta mutu lokaci guda, hannu yana rawa. Dabino 5 da shayi mai sukari da hutun minti 15 suna tayar da shi. Na zafi daban ne: ciwon kai, jiri, amai, keke yana tangaɗi a ƙarƙashinsa. Wannan a sauke shi, a kai inuwa, a kwance masa riga, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. Idan ya fara magana ba kan gado ko ya suma, ba a ɗura masa komai a baki, a ci gaba da jiƙa shi cikin mota har asibiti mafi kusa. Kuma ba shi ake tambaya ko zai iya ci gaba ba, don kowa cewa yake zai iya. Na wutsiya ne yake yanke hukunci. Abin da nake faɗa ke nan: "Yaya, hau mota, gobe ma rana ce." Ba a yi wa wanda ya hau mota dariya a ayarinmu, domin ranar da aka fara haka, wani zai ɓoye ciwonsa.

Ciwon gwiwa da na mazaunai su ma a wannan lokaci suke fitowa. Gwiwa idan ta gaba take ciwo, galibi sirdi ya yi ƙasa ko ana tura giya mai nauyi. Gwajin tsayin sirdi: a ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak ba tare da ƙugu ya karkata ba. Kada a ɗaga fiye da rabin santimita a lokaci guda. A iska, giya mai sauƙi da saurin juyi, wajen 80 zuwa 90 a minti, ta fi giya mai nauyi da ake dannawa da ƙyar. Mazaunai kuwa wando mai soso ake sawa ba tare da wani a ciki ba, don ɗinkin na ciki ne yake goge fata. A shafa basilin ko man kaɗanya, a cire wandon da zarar an sauka, a wanke shi ko da da kofi biyu na ruwa ne. Ƙurji ɗaya a wurin nan ya isa ya ajiye ƙato.

Idan an yi sammako yadda ya kamata, ana shiga Abalak tsakanin ƙarfe 1 da 2. Ana gaida hukuma da masu gari, a nemi wurin sauka, a yi sallar matafiya. Sai a ci wani abu cikin awar farko, kafin wanka da hira, don a lokacin ne jiki ya fi karɓa.

Da la'asar ake komawa kan kekuna. Ba a wanke su da ruwa, tsumma da tsohon buroshin haƙori sun isa. Sarƙa a goge ta tas, a ɗiga mai marar kauri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, a juya feda, sannan a sake gogewa har waje ya bushe. Baƙin man inji da masu keken gari suke zubawa, a nan yana kama yashi ya zama abin niƙa, ya cinye sarƙa da haƙoran giya tun kafin Agadas. Gargada tana kwance ƙusoshi, musamman na mazaunin kaya da na maƙalin gora, a bi su ɗaya-ɗaya. Wayar ƙafa ta fi karyewa a ƙafar baya ta gefen giya, inda nauyi da ja suka haɗu. Idan ɗaya ta karye a canja a daren, don maƙwabtanta ne suke ɗaukar nauyinta, gobe biyu za su bi ta.

Wurin kwana a share shi da ƙafa a cikin takalmi, kada a ɗaga dutse da hannu, kuma da safe a zazzage takalmi kafin a sa saboda kunama. Bayan isha'i jagora yana faɗin zangon gobe da inda mota za ta tsaya. A Abalak ake cika kowane bido har baki, a ƙara biyu kan lissafi, a sayi burodi da sukari da robar ciki idan an samu, domin daga nan zuwa Agadas saura wajen kilomita 270, garuruwa sun yi nisa da juna, kuma ba kowace rijiya da aka sani bara ake iske ta da ruwa bana ba.